Ɗaliban lise na Tawa da watannin babban hutu

A kowace shekara, da zarar an kammala jarrabawar BEPC da ta BAC, makarantun jihar Tawa sukan rufe har zuwa farkon watan Oktoba, kuma dubban samari da ƴan mata na ajin lise, wato babban sashen sakandare, sukan sami kusan watanni uku waɗanda babu wanda ya tsara musu abin da za su yi da su. Na daɗe ina koyarwa a wannan gari, kuma na lura cewa a cikin waɗannan watanni ne yawancin ɗalibanmu suke yanke shawarar inda za su yi rayuwarsu, tun kafin wani malami ko mahaifi ya zaunar da su a kan maganar. Shawarar kuwa kusan kullum iri ɗaya ce, wato a bar Adar, yankinmu na Tawa. Mai ƙoƙari a aji hankalinsa yana Yamai ko wata ƙasa inda zai yi jami'a ya kuma zauna, wanda karatu ya yi wa nauyi kuma hankalinsa yana Abijan ko Libiya ko Aljeriya.

Ba na cikin masu zagin tafiya bida, wato fita ci-rani neman kuɗi. Duk wanda ya san Adar ya san ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwa, kuma kuɗin da ƴan bida suke aikowa ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri a yunwar 1984 da ta 2005, shi ne kuma ya gina masallatai da azuzuwa a ƙauyukan da gwamnati ba ta kai gare su ba. Abin da yake damuna shi ne yadda yaro ɗan shekara goma sha bakwai yake yin wannan zaɓi alhali gefe ɗaya kawai ya gani da idonsa. Ya ga yayan abokinsa da ya dawo daga Abijan gab da Sallah da sabon babur da babbar waya, ya zauna da shi a fada an sha shayi, ya ji labari daga bakinsa. Amma bai taɓa shiga ɗakin gwajin jini na wani asibiti ba, bai taɓa tsayawa kusa da injiniyan da yake auna ruwan madatsa ba, bai san abin da akawun ƙungiyar manoma yake rubutawa a littafinsa ba. A tunaninsa aikin mai ilimi yana babban birni, abin da ya rage a gida kuwa shi ne hauya da kabu-kabu.

Shi ya sa nake ganin ya kamata makarantunmu su shirya wa ɗaliban aji na farko da na biyu na lise zaman koyon aiki, abin da ma'aikata suke kira sitaj, na mako huɗu zuwa shida a cikin babban hutu, a wuraren aiki na cikin jihar. A halin yanzu irin wannan zama ya fi zama rabon ɗaliban jami'a da na makarantun sana'a, wato ana ba da shi ne bayan mutum ya riga ya zaɓi fanninsa, sau da yawa ma bayan ya riga ya bar gida.

Wuraren da za a kai su ba su yi kaɗan ba. A Malbaza akwai kamfanin siminti da ya daɗe yana aiki da dutsen farar ƙasa na yankin, akwai kuma tashar lantarki ta hasken rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018. A Birnin Ƙwanni akwai filayen noman rani na dubban eka da hanyoyin ruwa da madatsu da suke buƙatar masu lissafi da masu gyara. A Keita, aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya bar shingayen duwatsu da madatsu da dazuzzuka, ya kuma bar mutanen da suka san yadda aka yi su, waɗanda yanzu suke tsufa ba tare da an ɗauki iliminsu ba. Ga likitocin dabbobi na Abalak, ga masuntan tabkin Tabalak, ga dukawa da maƙeran Tawa, ga gidajen rediyo, ga kuma jami'ar da aka kafa a 2010, wadda yau take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, amma ɗaliban lise da yawa na wannan gari ba su taɓa taka harabarta ba.

Albasa kaɗai ta isa misali. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Kwaddebuwa, kuma duk manomi daga Madawa zuwa Ƙwanni ya san cewa ribarta tana cikin ajiya, domin a lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, buhu yakan faɗi warwas, sai kuma ya yi ta hawa a watannin da suke biye. Matsalar ita ce albasar da aka zuba a rudu, wato rumbun ajiyarta na gargajiya, takan fara ruɓewa idan damina ta kankama, saboda laima da rashin iska, kuma wannan asara tana faruwa ne daidai watannin da ɗalibanmu suke zaune a gida. Ɗalibin da yake karanta kimiyyar halittu da lissafi zai iya zama da wata ƙungiyar manoma, ya riƙa auna nauyin albasar kowane mako, ya rubuta adadin da aka tsince aka zubar, ya kwatanta rudun da yake samun iska da wanda ba ya samu. Manomi zai amfana da lissafin, yaron kuma zai gane da kansa cewa darasin ƙwayoyin cuta da aka yi masa a allo yana da alaƙa da kuɗin da yake shiga ko yake fita daga aljihun kawunsa. Idan ya tashi zaɓen fanni a jami'a, aikin gona zai shiga cikin lissafinsa a matsayin ilimi mai zurfi wanda ake cin abinci da shi.

Na ga yadda hakan yake canza yaro. Wani ɗalibina, wanda a aji ba ya buɗe baki, mahaifinsa ya damƙa shi a wani hutu ga wani mai haɗa injin ban ruwa na hasken rana. Na iske su wata safiya a wani lambu a bayan gari, maigidan yana tsugune bakin rijiya, yaron yana riƙe da na'urar auna ƙarfin wuta a jikin farantan sola. Maigidan ya ɗago kai ya ce mini: "Mushe, wannan yaron naka ya fi ni sanin lissafin abin nan, ni da hannu na koya, shi kuwa ya san dalili." Yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya ce: "Baba, ai ba don kun nuna mini ba, da ban san lissafin yana aiki a rijiya ba." Da aka koma makaranta, shi ne ya riƙa tsayar da malamin kimiyya bayan an tashi yana tambayarsa game da batir da wayoyi.

Sai dai duk mai son wannan shiri ya tabbata dole ya fara da damina, domin babban hutunmu lokacin noma ne. Ɗalibin da ya fito daga ƙauyen Buza ko Illela hannu ne a gandun gidansu, kuma ba daidai ba ne a raba uba da ɗansa a lokacin shuka da noman fari. Abin da ya fi dacewa shi ne a sanya zaman bayan an gama maimai kuma kafin girbi ya kama, sannan a nema wa yaro wuri kusa da garinsu maimakon a ce sai ya zo Tawa. Damina ma tana da nata ayyukan da suke neman masu karatu. Ma'aikatan gandun daji suna fitar da dashe daga wuraren reno a daidai bikin dashen itace na 3 ga Agusta, cibiyoyin lafiya kuma suna cika da masu zazzaɓin cizon sauro, ana kuma zagayawa gida-gida kowane wata don ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi. Ɗalibin lise ba zai ba da magani ba, amma zai iya riƙe rajista, ya kuma ga yadda malamin asibiti yake aiki.

Abu na biyu shi ne alfarma. Idan aka bar kowane uba ya nema wa ɗansa wuri, ƴaƴan ma'aikata da manyan ƴan kasuwa ne za su cika ofisoshi, ɗan manomi kuma, wanda shi ne ya fi kusa da hawa motar Agadas, zai ci gaba da zama a fada. Makaranta ce ya kamata ta tattara sunayen wurare ta raba su a fili bisa abin da kowane ɗalibi ya nuna sha'awa. Haka kuma kada a mayar da yara ƴan aike. Dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki, ko da a matsayin mai koyo, kafin ya cika shekara 14, kuma ɗaliban lise sun wuce wannan iyaka, amma wucewar ba ta halatta a sa su ɗaukar buhun siminti ko su wuni suna sayo wa ma'aikata shayi da ƙosai ba. A rubuta takarda tsakanin makaranta da mai wurin da iyaye, a faɗi sunan wanda zai kula da yaron da abin da zai nuna masa, malami ya riƙa leƙawa, a ƙarshe yaron ya rubuta rahoton shafi biyu ko uku ya karanta a gaban ajinsu.

Batun ƴan mata ya fi kowanne taɓa mini zuciya. A ƙasar da kusan kashi 76 cikin 100 na mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18, yarinyar da ta kai lise ta riga ta tsallake shingaye masu yawa, kuma a babban hutu ne ake yawan ɗaure maganar aure, sai a dawo Oktoba a tarar da kujerarta babu kowa. Dokar da gwamnati ta fitar a 2017 don kare karatun ƴaƴa mata tana da amfani, amma uwa ta fi saurin gamsuwa idan ta ga ƴarta tana fita da safe zuwa wajen wata ungozoma ko akawu ko ƴar jarida da aka sani da mutunci a gari, tana kuma dawowa kafin la'asar da labarin abin da ta koya. Don haka a fara neman matan da za su karɓi ƴan mata tun kafin a nemi wuraren samari.

Kuɗin da ake buƙata ba su da yawa, domin ba albashi ake magana ba, ƴan jikkuna ne na sufuri da abincin rana, waɗanda idan babu su ɗan talaka ba zai iya zuwa ba. Asusun FAFPA da yake tallafa wa koyon sana'a, da hukumar samar da aikin yi ta ANPE, da majalisar ƴan kasuwa da ta manoma, duk suna da hurumi a nan. Ina kuma ganin ƙungiyoyin Adarawa mazauna Abijan da sauran birane za su amsa idan aka tuntuɓe su da tsari, domin su ne suka fi kowa sanin wahalar zaman baƙunta, kuma da yawansu ba sa son ƙannensu su bi sawunsu.

Zaman mako shida ba zai ƙirƙiro aikin da babu shi ba, kuma wasu ɗaliban za su tafi duk da haka, wasu ma tafiyar ce ta dace da su. Amma wanda ya tafi karatu Yamai ko Maraɗi alhali akwai wani injiniya a Malbaza ko wata ungozoma a Madawa da ta san sunansa da hazaƙarsa, yana da wanda zai kira idan ya gama, kuma mai wurin ma yana da wanda zai tuna idan gurbi ya samu. Ba sai an jira umarni daga ofishin minista ba. Shugaban lise ɗaya da ƙungiyar iyayen yara za su iya zama tun watan Afrilu, su zagaya gari su sami wurare ashirin ko talatin da suka yarda su karɓi ɗalibi ɗaya ko biyu, a raba sunaye kafin a shiga jarrabawar ƙarshen shekara, domin kowane yaro ya tafi hutu ya san ranar da zai fara da wanda zai tarbe shi.