Na yi ta neman fada a Split, ashe ina cikinta

Abin kunyar da ya same ni a Split, garin nan na bakin teku a Kuroshiya, na fi minti ashirin ina zagaye da jaka a baya wai ina neman fadar sarkin Rumawa Diocletian, waya tana ce min na iso amma ni ba abin da nake gani sai lunguna da shaguna da wanki an shanya a tagogi. Da na gaji na tambayi wata baba mai sayar da ayis kirim, ta kwashe da dariya ta nuna min ƙasa da yatsa. Ashe tun ɗazu a cikin fadar nake yawo! Ni a zatona kango zan tarar an kewaye da waya, mai gadi na yankar tikiti a ƙofa.

Shi wannan sarki ɗan yankin ne, ya gina wurin wajen shekara ta 300 da farin dutsen tsibirin Brač, tsawonsa kusan mita 215 faɗi 180, rabi fada rabi barikin soja, sai a 305 ya yi murabus da kansa ya tare a nan. Ana ba da labarin da aka roƙe shi ya koma mulki cewa ya yi da sun ga kabejin da ya shuka da hannunsa da ba su taso da maganar ba, wallahi nan mutumin ya burge ni. A ƙarni na 7 da aka ci Salona, wani garin Rumawa da ke kusa, da yaƙi mutanen suka gudo suka fake cikin ganuwar, suka yi ta manna gidaje a jikin bango, shi kenan fada ta zama unguwa har yau.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kabarinsa. Mutumin nan ya gasa wa Kiristoci aya a hannu, a zamaninsa aka kashe bishop ɗin Salona mai suna Duje a 304, to ginin da ya tanada don a binne shi shi aka mayar coci kuma da sunan Dujen ake kiransa. A gabansa akwai baƙin gunkin zaki mai kan mutum da aka kwaso daga Masar, ya haura shekara 3,000, na ga wata mage ta miƙe a gindinsa tana barci abinta.

Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kuma in ka shigo ta ƙofar wajen teku, shara ce ta cece su, mutanen sama sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuba bola ciki har suka cika, sai daga baya aka kwashe aka tarar da su garau. A nan na huta na sha sanyi don a waje rana ba sauƙi.

Kurakuraina kuwa, na je a watan Agusta kuma da silifas. Duwatsun Peristil, wato dandalin tsakiya, ƙafa ta goge su sun yi sulɓi kamar tangaran, sai ji na yi tim a gaban jama'a. In manyan jiragen ruwa suka sauke 'yan yawon buɗe ido da hantsi ko wurin sa ƙafa babu, washegari da na fito bayan asuba ni kaɗai ne sai masu shara da tantabaru. Abinci kuma a kula, abin da suke kira pršut naman alade ne, ni dai kifi da burek, wani gashin fulawa mai cuku a ciki, na riƙe, ɓaure da inabi kuma a kasuwar Pazar bayan ƙofar gabas, ya fi araha nesa ba kusa ba. Ruwan gora ma asarar yuro na yi, na famfo daga kogin Jadro yake zuwa, hanyar ruwan da Rumawa suka gina aka gyara ake mora.

Kwana ɗaya na ware, shi ya sa kangon Salona da ke nan kusa a Solin ta tagar bas kawai na hango wajen, har yanzu abin na cina.