Shagon sayar da labari a Ƙofar Ƙaura

Allon da ke saman ƙofar shagona har yau "buga takardu da hoto" yake cewa, domin da wannan na fara. Wani mai shirya wasan kwaikwayo ne yake kawo mini rubutunsa na hannu ina buga masa a kwamfuta, ni kuma bakina ba ya shiru. Ina bugawa ina cewa, "Malam, matar nan ba za ta faɗi haka gaban surukarta ba." Ran nan ya gaji, ya ce in na iya in rubuta nawa. Yau mu uku ne a shagon: ni, da ƙanwata mai gyara mana maganganun mata, da yaron da ke bugawa. Abin da muke sayarwa labarin fim ne, yawancinsa mai dogon zango da ake sakawa a YouTube.

Mutane suna zaton aikin shi ne zama a yi ta tunani har dabara ta faɗo. Dabara ai ita ce mafi arha a sana'ar nan, kowane mai shayi a Katsina yana da guda goma. In furodusa ya shigo, ba na tambayarsa irin labarin da yake so sai na ji gida nawa ya samu aro, kwana nawa zai iya ciyar da mutane a lokeshan, akwai mota ko babu, dare nawa zai iya tayar da janareto. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fitowa ɗaya ta dare takan sa mutum ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Daga amsarsa nake yanka labarin, kamar tela da aka miƙa wa yadi uku.

Barkwanci ya fi saurin fita. Tun rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014 ake zuwa ana ce mini a rubuta "irin nasa", ni kuma ina cewa abin nasa a jikinsa yake, ba a takarda ba. Abin da takarda za ta iya shi ne ta saka mutum a inda girman kansa ba zai fitar da shi ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 muka rubuta labarin wani attajiri marowaci da ya hana uwargidansa sana'a. Kuɗi cike da asusunsa, amma ko na cefane babu a hannu. Duk unguwar mutum ɗaya ke da tsabar kuɗi, wata uwar adashi da ba a san ko wace ce ba, sai ta hannun mai shayi ake kai mata buƙata. Alhaji ya fara aika roƙo a ɓoye, ita kuma kullum da sabon sharaɗi: yau ya gyara rufin ɗakin matarsa, gobe ya bar ta ta je suna. Mai kallo ya san uwargidan ce tun fitowa ta uku, Alhaji ne kaɗai bai sani ba. Gida ɗaya, teburin shayi ɗaya, aka gama.

Ban tsoro kuwa nan muke yawan faɗa da masu kuɗi. Su aljani suke so a gani, da hoda a fuska da farin ƙyalle da jan ido, abin da yara ke kallo suna dariya. Samari masu kawo mini labari daga Daura kuma, cikin uku biyu maciji ne a rijiya, kamar bayan Kusugu ba a ƙara jin tsoron komai ba a ƙasar Hausa. Ni abin da na sani, Bahaushe ya fi tsoron abin da ya saba da shi idan ya zo a lokacin da bai kamata ba. Ƙarar daka da rana ba komai ba ce. A ji ta ƙarfe biyun dare fa?

A kan wannan muka gina labarin amaryar da aka kai wani tsohon gidan ƙasa a cikin birni. Kullum da asuba takan tarar an share tsakar gida, an cika randa, turmi da ɗumi kamar yanzu aka sauke taɓarya. Ta ɗauka kirkin maƙwabta ne, ta dafa abinci ta aika godiya gida-gida, kowa ya karɓa yana kau da ido. Daga baya ta lura aikin da ake yi mata kullum ƙaruwa yake: an wanke kayan mijinta, an turara ɗakinsa da turaren da ba nata ba, an dafa miyar da ya fi so wadda bai taɓa gaya mata ba. Mijin kuma ci yake bai tambaya. Ƙanwata ce ta kawo maganar turaren, ta ce duk macen da ta kalli wurin nan ba za ta yi barci ba. Ba a nuna fuskar kowa har ƙarshe. Abu ɗaya da ba ma wasa da shi: boka ba ya cin nasara. Ko ba don Hukumar Tace Finafinai ta Kano ba, wadda tun 2001 take wannan aiki, masu kallo da kansu ba za su yafe maka ba.

Wannan labarin ne ya koya mini kafin alƙalami. Na ba wani taƙaitawarsa shafi biyu, ya karanta ya ce bai yi masa ba. Bayan 'yan watanni na gan shi a waya, an canza sunaye, an kuma ƙara aljana mai hoda. Yanzu shafin ƙarshe ba ya barin shagon nan sai an ajiye wani abu.

Akwai wanda na daɗe ina juyawa kafin in yarda in rubuta, irin mai ɗaure kai da sa zargi. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan, har da Jibiya da Batsari da Safana, saboda 'yan bindiga. A kan wannan lokacin na gina labarin. An ɗauke wani magidanci, iyali suka sayar da gona a asirce don haɗa kuɗin fansa, sai ɗansa ya yi tafiya mai nisa zuwa inda akwai sabis kafin ya ji saƙo. Da ya kira, 'yan bindigar suka faɗa masa kuɗin gonar daidai, har da abin da aka cire na dillali. Mutum huɗu kaɗai suka san wannan adadi, kuma duk huɗun da daddare a zaure ɗaya suke cin tuwo. Furodusa ya so a shiga daji a nuna bindigogi, na ce a'a. Mutanen da za su kalla wasunsu sun kai irin kuɗin nan da hannunsu, ba sa buƙatar a nuna musu daji. Zauren ya isa.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne bai taɓa sayuwa ba. Ayarin fatake ne ya tashi daga Katsina zuwa Gwanja sayen goro, da kanwa da tufafi da jar fata a kan jakuna, tafiyar watanni ta ƙasar Borgu zuwa Salaga, wadda yau take cikin Ghana. Kafin a ƙetare kogin Kwara madugu ya rasu a zango. Jagaba da matar madugun suka ɓoye mutuwar, domin sunansa ne ke sa sarakunan hanya su sassauta kuɗin fito, sunansa ne kuma ke hana ayarin watsewa. Suka naɗa wa wani bawansa rawaninsa da amawali, aka ce ciwon maƙogwaro ya hana shi magana. Matsalar ita ce bawan ya fara jin daɗin rawanin, kuma shawarar da yake yankewa ta fi ta marigayin kyau.

Duk wanda ya karanta sai ya buga tebur, sannan ya tambayi jaki nawa. Arba'in na rubuta. Wani Alhaji ya aika aka tambayo masa haya a kasuwar Mai'aduwa, ya dawo ya ce, "Malam, mi zai hana a maida shi direban tirela a hanyar Legas?" Na ce, "Alhaji, direba ba ya rufe fuska da rawani." Ya ce to jaki uku, edita ya ninka su. Na koma na zauna kwana huɗu ina rage ayarin, na haɗe zango biyu, na cire ƙetaren kogi na mayar da shi labari a bakin jagaba, har na sauko sha biyu. Ƙasa da haka kuma ba fatake ba ne, masu zuwa cin kasuwar ƙauye ne. Ya karɓi shafi biyun farko, ya ce zai dawo bayan Babbar Sallah.