Ba kowane ƙullutu a nono ne ciwon daji ba

Ƴan uwa mata, maganar nan ta daɗe tana ci min rai. Da yarinya ta shafa ta ji ƙullutu a nononta shikenan hankali ya tashi, ta yi shiru ta ƙi gaya wa kowa, wai kar a je asibiti a ce daji ne a yanke nonon. Alhali mafi yawan ƙullutun da ake kaiwa asibiti ba daji ba ne sam.

Wanda ya fi yawa a ƴan mata, daga shekara 15 zuwa 35 haka, shi ne wanda likitoci ke kira faiburo'adinoma. Yana da santsi, in kin taɓa sai ya sulle miki ƙarƙashin yatsa kamar gurjiya, kuma yawanci ba ya ciwo. In ƙarami ne gwaji ya tabbatar da shi, sau da yawa barinsa ake yi ana dubawa lokaci-lokaci, in yana girma ko ya dame ki a yi ƴar tiyata a ciro shi kaɗai, nononki na nan yadda yake. Manyan mata kuma, masu 35 zuwa 50, sun fi samun ƴar jakar ruwa wadda kan yi tauri da ciwo in al'ada ta kusa, ita da sirinji ma ake zuƙe ruwan ta sace.

Amma fa hannu ba ya rabe daji da wanda ba daji ba, ko hannun likita ne. Shi ya sa bayan ya duba sai ya tura ki sikanin, in kin kai 40 a haɗa da hoton X-ray na nono da ake kira mamogiram, in da shakka a ɗan tsakuro naman da allura a kai lab. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Shika duk ana wannan aikin.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne wajen masu jego. Jariri bai kama nono da kyau ba, kan nono ya tsage, ruwan nono ya taru bai fita ba, sai gefe ɗaya ya kumbura ya yi ja ya yi zafi rau, ga zazzaɓi da rawar sanyi har a ɗauka maleriya ce. Nan take tsofaffi za su ce nono ya lalace a cire yaro a kai, wallahi wannan shi ke ƙara ta'azzara abin, domin nonon da ba a tsotsa ba taruwa zai ci gaba da yi har ya zama ƙurji ya tara mugunya. Daga nan a kira wanzami ya yi sakiya da ƙarfe mai zafi, a shafa garin magani, a bar mace da rami a ƙirji tana fama wata da watanni.

Ki ci gaba da ba yaro nonon nan mai ciwo, ba zai cutar da shi ba, in zafi ya hana ki ki tatse da hannu a hankali, ki sha farasitamol da ruwa sosai. In kwana ɗaya ya wuce ba sauƙi ki je a rubuta miki maganin ƙwayoyin cuta ki shanye shi duka, ba ki aika kemis a sayo miki kafso huɗu ba. In har ya tara mugunya a asibiti ake zuƙe ta da allura ko a ɗan tsaga cikin tsabta.

Sai dai dan Allah in kin gama magani jan bai baje ba ki koma, akwai wani nau'in daji da ke zuwa da wannan kamar. Haka in ƙullutu ya yi tauri ba ya motsi, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko kin ji kaluluwa a hammata, wannan kar ya kwana biyu ba ki ga likita ba.