Kafin a sayi bas ta haya, a duba abin da ke ƙarƙashin kujerun

Mafi yawan waɗanda suke zuwa wurina neman shawara a kan sayen bas da lissafin kujeru suke farawa. Za ka ji mutum yana cewa motar tana ɗaukar mutum goma sha takwas, kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna kaza ne, idan ta yi sawu ɗaya ta dawo kullum to cikin wata kaza ta mayar da kuɗinta. Lissafin yana da daɗin ji, amma babu taya a cikinsa, babu ranakun da motar za ta kwana a gareji, babu kuma halin direban da za a damƙa wa makulli. Ni kuwa a ganina waɗannan ne suke yanke hukuncin ko motar za ta ciyar da gida ko kuwa gidan ne zai riƙa ciyar da ita.

Motar da ta mamaye hanyoyinmu ita ce Toyota Hiace, musamman samfurin da aka fara ƙerawa a shekarar 2004, wanda direbobi suka laƙaba wa suna Homa. Ana samun Nissan Urvan da Ford Transit da Mercedes Sprinter, kuma kowacce tana da masoyanta, sai dai dalilin da ya sa nake karkata ga Hiace shi ne kayan gyara. Duk abin da ya lalace a jikinta za a same shi a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna, sabo ko na hannu, kuma da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san cikinta. Motar da za ta yi mako biyu a tsaye ana jiran a kawo mata wani ɗan ƙarfe daga Legas ta riga ta cinye rangwamen da aka samu wajen sayenta. Batun inji kuma ya danganta da aikin: mai fetur na lita 2.7 ya fi sauƙin gyara kuma ana iya mayar da shi ya yi aiki da iskar gas ta CNG, abin da mutane suka fara dubawa da gaske tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shi kuwa mai dizal ya fi jure nauyi da doguwar tafiya amma ba ya yafe gurɓataccen mai.

Wurin da na fi so mai saye ya tsaya ya natsu shi ne asalin motar. Da yawa daga cikin bas ɗin da ake shigowa da su na hannu, waɗanda ake kira ƴan Beljiyam, ba don ɗaukar mutane aka ƙera su ba. Motocin kaya ne, a nan aka yanka musu tagogi, mai walda ya ɗaura kujeru. Ana gane su idan aka ɗaga ledar da aka shimfiɗa a ƙasa aka duba yadda aka kafe ƙafafun kujerun: na kamfani da manyan kusoshi ake ɗaure su a wuraren da aka ƙarfafa, na gareji kuwa ɗigon walda ne a kan falle ɗaya na ƙarfe, wanda zai iya tsinkewa ranar da aka taka birki da ƙarfi. Haka kuma akwai waɗanda aka kawo daga ƙasashen da ake tuƙi ta hannun hagu kamar Japan, aka sauya musu sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, don haka ƙofar fasinja ta dama ake bukata. Idan ka ga ƙofar tana ta hagu, to fasinjojinka a tsakiyar titi za su riƙa sauka, kuma ba ka san hannun da ya yanka ya haɗa sandar sitiyarin ba. Irin wannan mota ko da rabin kuɗi ce ba na ba da shawarar a saye ta.

A je duba mota da sassafe, kafin mai ita ya tayar da ita, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye aibinsa. Injin Homa a ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai an ɗaga ta. A buɗe murfin baƙin mai. Idan aka ga wani farin kumfa mai kauri a jikinsa, ruwa yana haɗuwa da mai, wanda yana iya zama alamar motar ta taɓa yin zafi har gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. A duba ruwan lagireto, a tsaya bayan salansa a ga kalar hayaƙin, sannan a kwanta a leƙa shasi ko akwai tsatsa ko wurin da aka miƙar bayan hatsari. Takardun kwastan kuma a kai su a tantance, a tabbatar lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin ƙarfe, domin a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motar da ba a biya mata diyuti daidai ba ana iya kama ta a hanya ko da ta shekara a hannunka.

Bayan saye sai maganar lodi, wadda ita ce ta fi damuna. Doguwar bas mai tsayin rufi tana sauya hali idan ta cika, saboda nauyin yana hawa sama yana kuma komawa baya. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2001 cewa motocin da ke ɗaukar mutum goma sha biyar sun fi saurin kifewa idan mutanen ciki suka kai goma ko fiye. To ina ga tamu, wadda aka ƙara wa layin kujeru, aka cusa buhunan hatsi a but har ƙofar baya ba ta rufuwa sai da igiya, wani lokaci ma a ɗaure babur a kai? Mafi yawan wannan nauyi a kan tayoyin baya biyu yake sauka, a kan kwalta mai zafin watan Afrilu. Shi ya sa tayar hannu ba ta da gurbi a motar fasinja. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 yana nufin mako na 23 a shekarar 2022, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba. A sayi mai ƙarfin ɗaukar kaya, a kuma riƙa auna iska da safe kafin a fara lodi.

Duk wannan kuwa yana komawa ne ga yarjejeniyar da ke tsakanin mai mota da direba. Tsarin balas, inda direba zai kawo wani adadi kullum sauran ya zama nasa, shi ya fi yawa saboda ya fi sauƙin lissafi. Amma idan aka tsauwala balas ɗin, direban da zai biya kuɗin tasha, ya sallami ɗan kamasho da yaron mota, ya sha mai, sannan ya kai cefane gida, ba shi da mafita sai gudu da ƙarin lodi da ɗage ranar juyen baƙin mai. Na'urar taƙaita gudu da FRSC ta wajabta wa motocin haya a 2017 ba za ta yi amfani ba idan mai motar da kansa ya sa adadin da ba ya samuwa sai an yi sawu uku. Na fi gamsuwa da tsarin da ake ba direba albashi da wani kaso na abin da aka samu, ko kuma a yi da shi cewa motar za ta zama tasa bayan ya kammala biya, domin wanda yake sa ran gadon mota ba ya faɗa wa rami da ita.

Wanda kuma zai saya don jigilar ɗalibai ko ma'aikata, nasa ya fi sauƙi ta fuskar kuɗin shiga tunda kwangila ce tsayayya, amma amanar da ke wuyansa ta fi nauyi. Ya bar kujerun yadda kamfani ya tsara su, ya tabbatar bel ɗin kowace kujera yana aiki, ya yi inshora ta gaskiya a kamfani mai rajista, ya kuma ware kuɗin taya da juye da birki daga kuɗin watan farko, tun kafin ya kira wani abu riba.