Talata 3 ga Yuni 2025, ragon layya da mangwaron Baba

Tun da na dawo daga sallar asuba yau raina yake a ɓace, sai yanzu da dare na ɗan samu natsuwa nace bari in rubuta kafin in kwanta.

Jiya da yamma ƙanena ya kawo ragon layyarmu daga kara tunda juma'a ce sallah. Ya iso ana kiran magariba, babu turke a gidan, sai kawai ya ɗaure shi a jikin mangwaron tsakar gida ya wuce masallaci, ni kuma dana dawo da dare na ga ragon a wurin amma ban kawo komai a raina ba na shige ɗaki. Ba a zuba masa harawa ba, ba dusa, ruwa kawai aka aje masa a roba. Da gari ya waye na fito sai na ga jikin bishiyar fari fat daga daidai gwiwata zuwa ƙasa, ya ɓare ɓawon da haƙori ya cinye, wani ya zuba a ƙasa, wurin a jiƙe yana ta tsattsafo da ƙaro, ga igiyar ma ta goge wani gefen saboda zagayen da ya kwana yana yi. Innalillahi kawai nake ta maimaitawa.

Baba ne ya dasa mangwaron nan da hannunsa a 2019, ɗan aure ne, a leda ya sayo shi wajen masu saida dashe ta hanyar Samaru. Kullum da safe shi yake ba shi ruwa da buta. Allah ya yi masa rasuwa a 2021 bai ci ko ɗaya ba, sai bayan shekara biyu ya fara 'ya'ya sosai. Da Hajiya ta fito ta gani batace komai ba, ta daɗe a tsaye tana kallo sannan tace Allah ya kyauta ta koma ɗaki, wallahi wannan shirun nata yafi min ciwo akan ace faɗa tayi.

Kafin ƙarfe takwas kowa ya kawo shawararsa. Maƙwabcinmu yace a shafa baƙin mai don kar gara ta shiga, Kawu yace a kwaɓa laka da kashin shanu a liƙe, wani yace fenti ko kwalta. Har ƙanena ya ɗauki gora zai tafi wajen bakanike, duk jikinsa yayi sanyi yana ta bani haƙuri. Sai na tuna da wani dattijo mai lambu a fadamar Galma, abokin Baba ne, shi yake masa auren lemo da mangwaro a gona. Na kira shi na faɗa masa, yace ɗana kar ka shafa mata komai, ka jiƙa buhun algarara ko tsumma mai tsabta ka lulluɓe wurin kar rana ta busar da shi, gani nan zuwa.

Wajen goma ya iso da 'yar jakarsa. Abu na farko da ya nema tef ɗin ɗinki, matata ta miƙo nata, ya zagaya gindin ya samu inci 22, inda ragon ya cinye inci 14, saura inci 8 kenan da ɓawo a gefen katanga inda bakinsa bai kai ba. Yace wannan inci takwas ɗin shi ya cece mu. Wai in abin da aka ɓare bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba bishiya da kanta take rufewa, in ya haura rabi to sai an taimaka mata, in kuwa ya zagaye gaba ɗaya sai dai wani ikon Allah.

Nace Malam amma ai ganyenta shar yake ko yaushi baiyi ba. Sai ya karyo ɗan reshe ya kankare da farcen babban yatsa ya nuna min, ƙarƙashin ɓawon akwai kore, ƙarƙashin koren akwai wani abu mai santsi siriri kamar fatar albasa, yace taɓa, na taɓa naji damshi. Yace to nan ne ran bishiya, daga nan take yin sabon icce ta ciki da sabon ɓawo ta waje. Ruwa ta cikin iccen yake hawa daga saiwa zuwa ganye, shi yasa ko an zagaye ɓawon ganye bazai nuna ba da wuri, amma abincin da ganye yake haɗawa da hasken rana ta cikin ɓawo yake sauka ya ciyar da saiwa, in aka yanke hanyar saiwar ce zata yi ta yunwa a ƙasa ba wanda ya sani, bishiyar tana iya kai shekara a tsaye har tayi 'ya'ya fiye da yadda ta saba, mutane suna murna, sai wata rana a wayi gari ta bushe. Ni tunda nake ban taɓa sanin haka ba, kuma gabana ya faɗi sosai dana tuna wayar shanya da muka ɗaura mata a sama tun bara.

Akan baƙin mai kuwa ransa har ɓaci yayi. Yace man yana ƙona wannan siririn abun da ake so ya rayu, fenti da kwalta kuma suna kulle damshi a ciki icce ya ruɓe ta ƙarƙashi. Laka ma yace da suna yi, ya daina, gara take jawowa.

Ya fiddo wuƙarsa mai kaifi kamar aska ya goge ta da sipirit, ya bi bakin ciwon a hankali yana yanke ɓawon da ya tsattsage yake reto har ya kai inda yake manne da kyau, bai ƙara faɗin wurin ba ko kaɗan. Sannan yasa ƙanena ya hau ya yanko rassa huɗu daga jikin ita bishiyar, masu kaurin fensir, ya zage ganyen, kowanne ya fi tsawon ciwon da kamar yatsu uku. Ya fere kai da gindi a karkace, ya ɗan tsaga ɓawon sama da na ƙasa ya ɗaga shi da bakin wuƙa, ya cusa reshen ya ɗan lanƙwaso waje kamar baka, ya kafe da 'yan ƙananan ƙusoshi. Sau biyu yana jaddada min cewa kan reshe sama zai kalla yadda yake a uwarsa, in aka juya shi bazai kama ba. Ya narka kakin zuma a gwangwani ya bari ya huce kaɗan ya toshe mahaɗar kawai, ya naɗe da leda. Yace gada ce muka yi mata, in suka kama ta nan abinci zai riƙa sauka, kuma munyi sa'a damina ta fara ɓawo yana ɗaguwa da sauƙi, da rani ne da sai yayi ta karyewa. Ƙaron ya taɓa min bayan hannu har yanzu wurin yana min zafi.

Muna shan kunu yake bani labarin madacin bakin hanya da masu sassaƙe suke ɓarewa don magani, yace mutanen da gefe ɗaya suke sara a tsaye su bar sauran, na yanzu zagayewa suke don su cika buhu. Kuka ce kawai yace ya sani da ake ɓare ta a yi igiya ta sake sabon ɓawo, ita ma mutane suna gani sai su ɗauka kowace bishiya haka take. Na bashi kuɗi yaƙi karɓa, yace tsakanina da mahaifinku babu wannan.

Da la'asar muka kafa turke a bayan zaure muka maida ragon can da harawarsa da ɗan kanwa a ruwa. Na kwance wayar shanyar, ta riga ta nutse a ɓawon sai da filaya na zaro ta, ta bar zobe amma bai yi zurfi ba. Muka kafa sanduna huɗu nesa da gindin da kamar taku biyu muka zagaye da wayar kaji, bata isa ba, gefe ɗaya da tsohuwar zana muka tare. Na kuma roƙi yaran gida su daina ƙona shara a kusa da ita.

Malam yace in bar ledar sati uku zuwa huɗu, duk tohon da ya fito a jikin rassan in murje shi da yatsa, zai dawo bayan sallah ya duba. Ɗazu bayan isha'i na fita da fitilar waya na haska, sai na tarar da Hajiya a wurin da butar Baba tana zuba ruwa a gindin. Gobe in sha Allahu zan shiga kasuwa in ƙaro waya yadi biyu.