Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Baƙin Man da Na Shayar da Bindigar Kawu

A makon jiya mun tsaya a inda aka mai da ni gidan Kawu bayan rasuwar mahaifina. Shekarata 13 a lokacin. Da asuba ina makarantar allo, da hantsi kuma ina garejin gyaran babura, ina wanke sifana ina miƙa wa oga. Na ce zan ba ku labarin ranar da na so Kawu ya mare ni ya ƙi. To, ga shi.

Kawu maharbi ne, gado ya yi. Bindigarsa irin ta toka ce, wadda yara ke yi wa tsiya da harba-ka-ruga, domin in ka harba sau ɗaya sai ka sake ɗuri ta baki: albarushi, tsumma, darma, a danna da sanda. Wani tsoho a Maƙera Asada ya ƙera masa ita tun kafin a haife ni. A bayan ƙyauren ɗakinsa take zama, kullum bakinta na kallon ƙasa, takardar izininta kuma na naɗe a gwangwani a ƙarƙashin gado. Ko Inna ba ta taɓa ta in tana shara.

Ni kuwa a gareji an cusa mini magana guda, wai ƙarfen da ba ya shan mai gawa ne. Wata ranar Laraba a farkon hunturu na ga Kawu bayan magariba ya zauna yana ta goge cikin bindigar da farin ƙyalle, har ƙyallen ya riƙa fitowa a bushe ƙamas. Sai tausayinta ya kama ni. Na ce a raina tsohon nan rowar mai yake yi mata. Da ya tafi sallar isha na ɗauko 'yar kwalbar baƙin man da na ɗebo a gareji, na tuttula mata ta baki, na jingine ta a tsaye don man ya sauka har gindi. Kafin ya dawo na goge bakin, na mayar da ita yadda na same ta. Na kwanta ina jin na yi abin kai.

Da asuba muka nufi fadamar Rima ta wajen Kware. Duhu ne, ga shi mura ta toshe wa Kawu hanci, don haka ya yi ɗurinsa da lalube bai ji warin komai ba. Gari na fara wayewa dinya biyu suka sauka a bakin ruwa. Ya durƙusa, ya auna, ya ja kunama. 'Yar hular tagullar da ke kunna albarushi ta ce ƙyas, shi ke nan. Dinya suka tashi.

Na zabura zan leƙa bakin bindigar in ga abin da ya hana ta. Da ƙafa ya ture ni, na faɗa cikin laka. Shi bai motsa ba, bai sauke ta daga kafaɗa ba, bakinta na kallon ruwa. Can sai ta yi wani tari mara ƙarfi, hayaƙi mai kauri ya fito, darmar ta faɗa ruwa nan kusa da mu. Da kaina na wurin, da wani ne ke ba ku wannan labarin. Albarushin da ya jiƙe yakan ci wuta a hankali, ya tashi bayan an fid da rai. Shi ya sa maharbi ba ya juya bindigar da ta ƙi tashi sai ya jira sosai.

Kawu ya sa ɗan yatsa a bakinta, ya duba.

"Mi kaz zuba mata?"

"Baƙin mai na, Kawu. Na ga ta bushe."

Ya daɗe yana kallona. Na miƙa kunci ina jira. Sai kawai ya ce, "Tashi mu tahi gida."

A gida ya sa na dafa ruwa a tukunyar Inna, na jefa sabulun salo. Na yi mamaki, don a gareji ruwa abokin gabar ƙarfe ne. Nan ya fara yi mini karatu, ni ina zura sanda da tsumma ina fitarwa, ruwa na fita baƙi ƙirin. Albarushi ba ya ƙonewa duka. Fiye da rabinsa yakan zauna a matsayin toka, wani ya bi hayaƙi, wani ya manne a cikin bututun. Tokar nan tana jawo raɓa, ta ci ƙarfe cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ruwa ne ke narkar da ita. In kuwa ta gamu da man da aka samo daga fetur, wuta ta gasa su tare, sai su zama kamar kwalta. Abin da na yini ina kankarewa ke nan, har tafin hannuna ya yi bororo.

Da bututun ya bushe a rana, yana da ɗumi, Kawu ya ɗauko wani gwangwanin da ban taɓa kula da shi ba. Kitsen ragon layyarsa ne, ya narkar, ya tace da ƙyalle, ya haɗa da kakin zuma. Ya lakato ɗan kaɗan, bai kai ƙwayar wake ba, ya murza a tsumma, ya zura sau biyu. Wai an gama. Na ce, "Shi ke nan, Kawu?" Ya ce bindiga ba jaka ba ce da za a ba ta ta ƙoshi. Wannan shafin na ajiya ne kawai, don tsatsa. Bakinta da ke kallon ƙasa ma dalilinsa ke nan, kada maiƙo ya gangara ya taru inda albarushi ke zama. Kafin fita kuma dole a goge shi tas, a tsokane 'yar ƙofar da wuta ke bi da siririyar waya, a fasa hula ɗaya a kan bindiga ba ɗuri don a tabbata hanya a buɗe take. Wato aikin da na gan shi yana yi ranar Laraba, na zo na rushe.

Inda kitsen ke da aiki na gaske shi ne a kan ƙyallen da ake naɗe darma da shi. Yana sa ta sauka ba gardama, yana kuma sa toka ta yi laushi, ɗuri na biyu da na uku su shiga kamar na farko. In toka ta bushe ta yi tauri, musamman a iskar hunturun Sakkwato, darma takan maƙale a tsakiya. Mai gaggawa ya ɗauka ta kai, ya harba, alhali akwai fili tsakaninta da albarushi, bututu ya kumbura ko ya fashe. Akwai wani abokin farautar Kawu mai yatsu uku a hannun hagu. Ranar na daina tambayar dalili.

Haɗin ma ba guda ba ne duk shekara. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, kitse zalla narkewa yake ya tsiyaya cikin albarushi, sai ya ƙara kaki. Da sanyi kuma ya yi tauri kamar sabulu, sai ya sassauta shi da man kaɗe. Kitsen da gishiri ya taɓa, na miya ko na suya, ba ya kusantar gwangwanin, don gishiri tsatsa yake haifarwa. Wani lokaci in zai harba nan take yakan jiƙa ƙyallen da yawu kawai. Amma ɗurin da za a yini ana yawo da shi a daji ba a yi masa haka, yawun zai bushe ya bar zoben tsatsa a ciki.

Bayan shekaru, ina sakandare, na karanta cewa kitsen bindiga ya taɓa girgiza daula. Turawan Ingila a Indiya sun kawo wa sojojinsu 'yan ƙasar bindigar Enfield ƙirar 1853. Ita ma ta baki ake ɗura ta, sai dai cikinta na da tsage-tsagen da ke murɗa harsashi, ba kamar tamu mai santsi ba. Albarushinta na zuwa a ƙunshin takarda mai maiƙo, soja ya yage da haƙori. Magana ta bazu cewa kitsen saniya da na alade ne, abin da Hindu da Musulmi duk ba za su sa a baki ba, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kunna boren 1857. Na dawo hutu da ɗoki na ba Kawu labari. Ya gyara zama, ya ce shi ya sa bai taɓa sayen kitse a hannun wanda bai sani ba, tunda da haƙori yake yaga ƙyallensa. Ban tabbata ya yarda akwai wata ƙasa Indiya da ta wuce ta fim ba.

Mu koma wancan yinin. Da la'asar ya rufe gwangwanin, ya miƙo mini, ya ce daga yau wankin bindiga nawa ne, ɗuri kuwa sai ya ga hankalina. Shekara biyu na yi ina wanki kafin ya bar ni na taɓa albarushi.

Marin da na tsira daga gare shi a fadama, Inna ce ta biya ni shi da magariba, da ta ɗora tuwo ta ji tukunyarta na warin gareji. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda oga ya gano kwalbar da ta ɓata, da abin da ya raba ni da garejin.