Tire na uku

Gobe zan miƙa makullin ɗakin ajiya, bayan shekara huɗu ina busar da naman kaza, irin mai tsirowa a daji, ina jera shi a ambulan don bincike. Masu karɓar aikin sun ce in bar musu shawara. Zan bari, amma sai na fara sauke abin da ke raina.

Daminata ta farko ce a aikin. Muka dawo daga daji da samfuri talatin da biyu, kowanne da 'yar takarda mai lamba. Lambar ita ke kai ka littafin fili: inda aka tsinta, ranar, a kan me ya fito, ruɓaɓɓen itace ne ko ƙasa ko suri, wace bishiya ce a kusa. Naman kaza ba ya jiran gobe, don haka a daren na sa su a na'urar busarwa, zafi digiri 40. Oga ya leƙo ya ce takardun nan suna tare iska, in kwashe. Na ce, "Ranka ya daɗe, kada su cakuɗe." Ya ce ai na san jerin. Na kwashe, na shimfiɗa su a tebur daidai da zaman kowane tire. Da safe na tarar an sauya wa tirorin wuri, na uku ma an juye shi cikin na biyu.

Sai wanda ya gani zai gane. Da ɗanyensa, wannan ja ne, wancan fari mai yauƙi, wani in ka karya shi sai ya rikiɗe shuɗi. Da sun bushe kuwa, yawanci sun koma ruwan ƙasa, sun yamutse kamar tsohuwar fata, warin ma ya gudu. Kwana uku ina duƙe a kan maikiroskof ina auna ƙurar irinsu, da ƙyar na ceto tara. Cikin sauran akwai Termitomyces biyu, masu fitowa a surin gara. Na san su sarai, amma daga wane surin, a wane ɓangaren dajin? Babu amsa, kuma ko gwajin DNA suna kawai zai ba ka, ba zai faɗa maka inda abu ya tsiro ba.

A taron sashe Oga ya ce yaran yanzu ba su da kula. Ban ce uffan ba. Laifina ne da na bi maganar da na san ba daidai ba ce, na yarda. Amma rabin laifin ne kawai nawa.

Daga baya na ɗan sami sanyi da na karanta cewa Charles Darwin ma, a tsibiran Galapagos a 1835, bai rubuta tsibirin da ya kamo kowane tsuntsu ba, sai da ya nemi bayanan abokan tafiyarsa. Shi ya sami masu rufa masa asiri. Naman kazan da ya ciro a jikin bishiyoyin Tierra del Fuego kuwa, wanda masanin naman kaza Berkeley ya raɗa wa suna Cyttaria darwinii, har yau yana ma'ajiyar lambun tsirrai na Kew a Landan, cikin samfuri sama da miliyan ɗaya, kuma ana amfana da shi don an san inda ya fito.

Shawarar ba ta da yawa. Takarda ba ta rabuwa da samfuri, ko wa ya ce. A rubuta da fensir, tawada na zuba. Hoto, launi da wari tun yana ɗanye. Lambar GPS da kuma kwatancen wurin da baki. Kafin ya shiga akwati, ya yi mako a firiza saboda ƙwari.

Tun daga ranar ban sake ɓatar da ko ɗaya ba, ana iya duba rajista. Ambulan ashirin da ukun nan suna aljihun ƙasa na akwatin ƙarshe, da rubutun hannuna: "ba a san wuri ba". A gurbin mai tattarawa sunan Oga ne a sama, kamar yadda yake so a riƙa yi a kowane samfuri.